Iskar da Auta Ya Buga wa Keken Yaya

A gida Auta ake ce masa, ko da yake furfura ta fara leƙowa a gemunsa. A asibitin da yake aikin ɗaukar hoton ƙashi kuwa mai hoto suke kiransa. Amma sunan da ya fi so shi ne wanda abokan hawan kekensa suka laƙaba masa, wato Geji, saboda ɗan ma'aunin iskar da ba ya rabo da shi a aljihun bayan riga.

Kowace Asabar da sassafe suke haɗuwa a harabar wani gidan mai da ke bakin gari, kowa da kekensa wanda da yatsa biyu za ka ɗaga shi, da matsattsun kaya, da hular kwano, da takalmin nan mai maƙalewa a feda. Kafin a tashi sai an yi musu, in an tsaya shan shayi a hanya kuma a ɗora daga inda aka tsaya. Yau a yi a kan sirdi, wani satin a kan man sarƙa, wani ya rantse cewa aske gashin ƙafa yana ƙara gudu, a yi ta dariya. Amma musun da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa shi ne na iskar taya.

Auta ne shugaban masu cewa a samu siririyar taya a buga mata iska har ta yi tauri kamar dutse. Abokin karawarsa shi ne Injiniya, wani mai sanyin magana da ke hawa taya mai faɗi da iska kaɗan.

"Titin nan ba madubi ba ne, Geji," in ji Injiniya. "Tayarka tsalle take yi a kan tsakuwa. Jijjiga kake sha, kana tsammanin gudu ne."

"To kai da kake tafiya a kan katifa, sau nawa ka riga ni kaiwa gada?"

"Ai ni ba gadar nake nema ba, bayana nake lallaɓawa."

Sai Lauya, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce a kawo masa ƙarar ofis ya raba su. Kyaftin kuwa, dattijon da ke jagorantar tafiyar, murmushi kawai yake yi, ya ce a hau kafin rana ta yi.

Auta yana da wa, tela ne, ya girme shi da fiye da shekara goma. Tun da mahaifinsu ya rasu shi ya riƙe gidan, kuma shi ya riƙe wa Auta sirdi yana gudu a bayansa har ya iya keke. Kowa Yaya yake ce masa, har masu kawo ɗinki. Da likita ya gano masa ciwon suga ya ce lallai ya riƙa motsa jiki, Auta ya je duba shi, ya ce, "Ai keke ne maganin wannan, Yaya. Wata Asabar ka zo ka bi mu." Ya faɗa ne kamar yadda ake ce wa mutum sai ka zo, ya fita ya manta.

Yaya bai manta ba.

Ran nan Auta yana durƙushe yana gwada iskar tayarsa ta baya, sai ya ji ƙararrawa, ƙirrin-ƙirrin, irin wadda ya sani tun yana yaro. Ya ɗago kai. Ga Yaya yana shigowa harabar a kan tsohon baƙin kekensa mai kariyar ɗaukar kaya, ya cusa ƙafar wando cikin safa, ya ɗaure gorar ruwa a baya da igiyar roba, a kansa kuma hular kwanon babur ce da ya aro, ta rufe masa har kunne. Yana ta washe baki.

Lauya ne ya fara ganinsa. "Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah. Wannan daga wane gidan tarihi aka sato shi?"

Aka kwashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin wadda suke yi wa juna ce kullum, amma Auta ya ji ta har cikin ƙashinsa. Ya dubi kekunan da ke jere suna sheƙi, ya dubi safar Yaya, ɗaya ma ta fi ɗaya tsawo.

Kyaftin ya ga baƙon ya nufi wajen Auta, sai ya ce, "Geji, baƙonka ne?"

"Maƙwabcinmu ne," in ji Auta. "Likita ya ce ya riƙa motsa jiki."

Maganar ta fita sumul, kamar da ma tana ajiye a bakinsa. Yaya yana tsaye daf da shi, hannunsa a kan igiyar hular yana ƙoƙarin kwancewa. Hannun ya tsaya. Ya dubi ƙanensa na ɗan lokaci kaɗan, sannan ya cire hular, ya miƙa wa Kyaftin hannu.

"Ƙwarai kuwa, maƙwabta muke," ya ce. "Mun daɗe tare."

Da Auta ya yi shiru a nan, da abin ya tsaya a tsakaninsu su biyu. Amma Injiniya ya zagayo yana kallon tsohon keken da sha'awa, ya danna tayar gaba da babban yatsa, ta lotsa.

"Yauwa," ya ce. "Geji, zo ka gani. Na samu ɗan jam'iyyata."

Auta yana neman abin da zai yi da hannunsa da idonsa, don kada ya dubi Yaya. Sai ya jawo babban famfon da suke zuwa da shi. "Shi ya sa yake tafiya kamar ana riƙe shi. Ku bari in nuna muku. Ko wannan ƙarfen, in ya sha iska yadda ya kamata, sai kun yi mamaki."

Ya saka bakin famfon ya fara bugawa. Allurar agogon famfon ta fara hawa.

"Au..." Yaya ya fara, sai ya haɗiye sauran sunan. "Malam, a hankali. Tayar ta kwana biyu."

Auta ya duba. A gefen tayar akwai ƙananan tsage-tsage kamar jikin busasshiyar ƙasa, kuma da iskar ta ƙaru sai suka fara buɗe baki. Mutumin da aikinsa kullum shi ne neman tsagar da ba ta kai gashi kauri ba a jikin ƙashi, ba zai ce bai gan su ba. Ya gan su sarai. Amma mutane sun kewaye shi, Lauya yana ƙirga bugun da ƙarfi, Injiniya ya harɗe hannu yana jira. Ya ƙara bugawa, ya koma ta baya ya yi mata haka, sannan ya ƙwanƙwasa tayar da farce ta yi ƙara kamar ganga.

"Yanzu ka samu keke," ya ce, bai ɗago ba.

Aka hau. Auta ya wuce can gaba, ya sa mutane da yawa tsakaninsa da wansa. Duk da haka yana jiyo ƙararrawar daga baya, da muryar Yaya yana ba Kyaftin labarin yadda yake kai ɗinki unguwa-unguwa a kan keken nan tun yana saurayi, Kyaftin yana dariya. Da suka zo hawan tudu Yaya ya sauka ya tura, Kyaftin ma ya sauka ya tura nasa don kada ya bar shi shi kaɗai. Auta ya waiga ya gan su, ya ƙara taka feda.

Bayan tudun akwai doguwar gangara da ke sauka zuwa gada, kwaltar wajen duk ta farfashe. Rana ta fara zafi. Auta ya sunkuya yana sheƙa gudu, iska tana kaɗa masa kunne, sai ya ji ƙara daga sama kamar an harba bindiga, sannan ƙarar ƙarfe yana gurzar titi.

Ya san ko mene ne. Tun kafin ƙarar ta mutu ya sani. Amma ƙafafunsa sai da suka ƙara juya feda, suka sake juyawa, kafin hannunsa ya yarda ya kama birki. Daga baya, duk abin da ya faru ran nan, wannan ɗan jinkirin ne ya fi hana shi sakat, don shi kaɗai ya san da shi.

Da ya hauro, ya tarar da Yaya zaune a gefen titi, gwiwar wandonsa ta yage, jini yana bin ƙaurinsa, ya rungume hannun dama a ƙirji. Tayar gaba ta dare kamar an sa mata wuƙa. Injiniya yana durƙushe yana zuba masa ruwa a ciwon. Kallo ɗaya Auta ya yi wa wuyan hannun ya ga yadda ya karkace.

"Baba, wa za mu kira a gida?" Kyaftin ya tambaya, waya a hannu.

"Kada ku tayar wa iyali da hankali," in ji Yaya, yana cije leɓe. "Ga maƙwabcina nan, a asibiti yake aiki. Zai kai ni."

Auta ya buɗe baki. Wannan ne lokacin, kalma biyu kawai ake bukata: yayana ne. Sai ya ji kansa yana cewa a tare mota.

Wani mai a-kori-kura ya tsaya, aka ɗora Yaya a gaba, Auta da Kyaftin da Injiniya da Lauya suka hau baya da kekunansu. Ba wanda ya ce komai a kan taya. Injiniya ya kafa wa hanya ido har suka isa.

A ɗakin karɓar gaggawa, nas ɗin da ke aiki ran nan tsohuwar ma'aikaciya ce, kuma Yaya ne ke ɗinka wa 'ya'yanta kayan makaranta. Tana ganinsu ta ajiye abin da ke hannunta.

"Subhanallahi! Mai hoto, ba Yaya ba ne? Me ya same shi?" Ta juya wajen sauran tana jawo kujera mai taya. "Ku abokansa ne? Sannunku da ƙoƙari. Ai wannan da kuke gani shi ne uban mai hoto, ba wa kawai ba. Ciki ɗaya suka fito, shi ya raine shi."

Kyaftin ya dubi Yaya, ya dubi Auta, ya sake duban Yaya, kamar yanzu ne ya lura goshinsu iri ɗaya ne. Lauya, wanda ba a taɓa ganin ya rasa abin faɗa ba, ya sunkuya yana gyara maɗaurin takalmin da ba abin da ya same shi. Auta ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Yana tsaye a tsakiyar wurin aikinsa cikin matsattsen gajeren wando, gumi yana bin bayansa, ba inda zai sa idonsa.

Ba ranar aikinsa ba ce, amma ya roƙi abokin aikinsa ya bar masa ɗakin hoton. Ya tura kujerar da kansa, takalmin kekensa yana ƙwas-ƙwas a kan tayil duk tsawon barandar. Ɗakin da sanyi, ba taga, sai ƙugin na'ura. Ya ɗora hannun Yaya a kan farantin na'urar, ya juya shi a hankali yadda ya saba yi wa kowa, ya daidaita hasken a kan wuyan hannun. Yatsun duk kanta ce ta almakashi. Bai tuna rabon da ya riƙe hannun nan ba.

"Kada ka motsa," ya ce, ya shige bayan gilashi ya danna.

Hoton ya fito a allon. Karaya biyu, ɗaya ta shiga har gaɓa.

"Ya karye ko?" in ji Yaya.

"Ya karye, Yaya."

"To. Allah ya sa iyakarsa ke nan."

Auta ya fito ya tsaya a gefensa, yana ta juya maganar da zai fara da ita. Yaya ya riga shi.

"Auta, wandon ne ko keken?"

"Na'am?"

"Abin da ya ba ka kunya. Ba faɗa nake yi ba, so nake in sani. Da ka gaya mini tun a gida akwai kayan da ake sawa, ai da na ɗinka. Ko ka ce in bari, ba wurina ba ne, da na zauna abina."

"Yaya, don Allah..."

"Ni dai na ji daɗin tafiyar. Mutumin nan Kyaftin yana da kirki." Ya gyara hannun a kan cinyarsa yana yamutsa fuska. "Tura ni mu je, mutane suna jira."

Aka gyara ƙashin aka sa masa simintin ɗori har gwiwar hannu. Likita ya ce a manta da almakashi sai bayan wani lokaci, kuma ko an cire, wuyan hannun ba lallai ya koma yadda yake ba.

Shagon Yaya ɗan ƙarami ne, teburin yanka ya cinye rabinsa, yadudduka a jere har rufi, ga ɗinkin mutane rataye da alli a jikinsu. Auta ya shiga zuwa kullum in ya tashi daga aiki. Bai iya yanka ba, wannan sai wani tela na kusa ya riƙa taimakawa, amma yana iya zama a kan keken ɗinki ya taka, Yaya yana tsaye a kansa yana jan yadin da hannun hagu.

"A hankali, malam, ba tsere ake yi ba," in ji Yaya. "An ce maka duk keke keke ne?"

Yana yi masa wasa kamar da, kuma wannan ya fi duka ciwo. Duk wanda ya shigo sai Yaya ya ce, "Ka san autanmu? Shi ne a asibiti, wajen hoto." Auta ya tuna haka yake gabatar da shi tun ranar da ya fara aiki, bai taɓa fashi ba.

Matar Yaya, wadda Auta ke kira Anti, ita ba ta iya ɓoye nata ba. Ranar da Kyaftin da Injiniya suka kawo tsohon keken gida suka duba mai jiki, a bakin ƙofa ta ji ɗayansu yana ba Yaya haƙuri cewa ba su san shi wan Geji ne ba, da ba su yi masa dariya ba. Ta tsare mijinta sai da ya gaya mata sauran. Tun daga nan in Auta ya gaishe ta, "lafiya" kawai take cewa, ta ajiye masa ruwa ba tare da ta dube shi ba.

Asabar kuwa ya daina fita. Kekensa yana rataye a bango, tayoyin suna sacewa a hankali bai kula ba. Kyaftin ya kira shi ya ce ana nemansa, ba wanda ya riƙe shi da komai. Injiniya ya turo gaisuwa yana tambayar jikin Yaya, ko kalma ɗaya bai ce a kan iska ba. Auta ya so a ce ya yi masa gori, da ya fi masa sauƙi.

Ana cikin haka mahaifiyarsu, Inna, ta dawo daga wajen 'yarta da ta haihu a wani gari. A gidan Auta take zaune, don haka shi ya ɗauko ta daga tasha, ta ce ba za ta sauke ko mayafi ba sai ta ga hannun babban ɗanta. Suka zauna a falon Yaya, ta riƙe simintin tana shafawa.

"Kai ma da girmanka, me ya kai ka tsere da yara?"

"Tsautsayi ne, Inna. Tayar ce ta tsufa, ni kuma ban canza ba."

"Allah ya kiyaye gaba." Ta juya wajen Auta, idonta ya kawo ruwa. "An gaya mini duk abin da kake yi. Kai ka kai shi asibiti, kai ka ɗauki hoton, kullum kana shago. Ko yau na mutu na san na bar ku a haɗe. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka."

"Amin," in ji Yaya da ƙarfi.

Anti ta dire farantin kofuna a kan tebur har cokula suka yi tsalle, ta koma kicin.

Da la'asar ya ɗauki Inna suka nufi gida. Tana ta ba shi labarin jaririyar, da yadda ta ɗebo hancin kakanta. Suka wuce shataletale, suka wuce kasuwa. A wajen fitilar kan hanya, ja ta tsayar da su, sai ya ce, "Inna, ba tayar ba ce."

Ya gaya mata duka, idonsa a kan motar da ke gabansu. Ya faɗi abin da ya kira Yaya a gaban mutane, da yadda Yaya ya amsa. Ya faɗi tsagar da ya gani ya ci gaba da bugawa. Har jinkirin kama birkin sai da ya faɗa. Fitila ta ba da hannu, na baya suka yi ta hon, ya ja motar ya gangara gefe ya tsaya.

Inna ba ta yi salati ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Shi kuma ya ce maƙwabta kuke," ta ce.

"Haka ya ce."

Ta gyara mayafinta, ta jawo jakarta daga ƙasa ta ɗora a cinya.

"Juya ka mayar da ni. A can zan zauna har a cire masa abin nan."

"Inna, ɗakinki yana gyare, yara suna ta jiranki..."

"Na ji. Ka gaishe su. Sauran kayana ka kawo mini gobe in za ka shago."

Ya duba madubi, ya jira motoci suka wuce, ya juya kan motar.